Ranar da Sadisu Ya Kama Ɓarawo

Akwai wani mutum a garin Matameye, Sadisu ake ce masa, mai shagon siminti da kwanon rufi a bakin kasuwa. Mutum ne mai zafin nama, zama wuri ɗaya wuya yake yi masa. Kada ku ɗauka mugu ne. Yana da kyauta, yana da zumunci, in an yi rasuwa shi ne na farko a wurin haƙa kabari. Ciwonsa ɗaya ne: yana son a ce shi ne ya yi.

Unguwarsu irin wadda kuka sani ce. Da an gama kaka, an zuba gero a rumbu, sai maza su fara sulalewa ci-rani. Wannan ya yi Kano, wancan Kaduna, masu dogon zango su yi Legas ko Fatakwal. Sai a bar mata da yara da tsofaffi, da maza 'yan kaɗan masu sana'a a gari irin su Sadisu.

A wannan shekarar sata ta addabi unguwar. Kuma ba satar dare ba ce. Da rana tsaka ake yin ta, ranar kasuwa, lokacin da kowace mace ta kulle ƙofarta ta tafi saye da sayarwa.

An kwance akuyar wata tsohuwa, Gwaggo Shekara, daga turke. An ɗauke batirin sola a wani gida. Wata amarya ta dawo ta tarar an fasa akwatinta, ko ɗankwali ba a bar mata ba. Mata suka koma cin kasuwa rabi da rabi, mace tana awon hatsi hankalinta yana gida.

Ana cikin haka sai ga labari daga lameri, wato ofishin magajin gari, cewa gwamnati ta ware tallafi domin unguwanni su kafa 'yan sintirinsu. Jami'in da ya kawo saƙon ya yi bayani dalla-dalla a ƙofar gidan mai unguwa. Ya ce aikin ɗan sintiri shi ne sa ido. In ya kama mutum, ya miƙa shi ga jandarmomi, wato jami'an tsaro, ba shi da hukunci a hannunsa.

Aka ce wa zai riƙe aikin? Kafin a rufe baki Sadisu ya miƙe.

"Ku ba ni," in ji shi. "Kafin ruwan farko ya sauka, kafin maza su dawo, zan nuna muku ɓarawon nan ido da ido a tsakiyar kasuwa."

Mai unguwa ya dube shi ya ce, "Ka ce in Allah ya yarda, Sadisu."

"Na faɗa a zuciyata, ranka ya daɗe."

Aka yi dariya, aka ba shi. Daga ranar aka fara kiransa Shugaba, shi kuwa bai hana ba.

Sadisu yana da yaya mace, Habsatu, mai tuyar ƙosai a kasuwa. Ita ta goya shi yana jariri, don haka ita kaɗai ke iya gaya masa magana kai tsaye. Da yamma ta aika aka kira shi. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta, makullin motonsa, wato babur, a hannu yana kaɗawa.

"Su wa za ka ɗauka?" ta tambaye shi.

"Ina tunani, Yaya."

"Ga Hashimu mai faci, kullum yana bakin hanya, duk wanda ya shiga ko ya fita a idonsa ne. Ga teloli biyu na lungun masallaci. Ga masu ga-ruwa, babu gidan da ba su shiga."

Sadisu ya yi tsaki a hankali. "Hashimu da ke jan ƙafa? In ɓarawo ya ruga, a amalanke za a tura shi ya bi shi?"

"Ba gudu ake nema ba, Sadisu. Wanda ya san fuskar mutane ake nema."

"Sanin fuskar ne ya kashe mu, Yaya. Ɗan unguwa zai kama ɗan ƙanwar babarsa da akuyar mutane, ya ce a bari a sasanta a zaure. Ni baƙi zan kawo, waɗanda ba su da kawu ba su da gwaggo a nan."

Habsatu ta ce, "Baƙo kuma ta yaya zai bambanta mai gida da..."

Amma salularsa ta yi ƙara, ya ɗaga mata hannu ya fice.

Cikin satin nan ya tafi Damagaram ya dawo da samari biyar majiya ƙarfi. Babbansu Fahad, dogo, mai faɗin ƙirji. Aka ɗinka musu kaki, aka saya musu takalma da kulake da usur, da moto biyu sababbi. Ranar da aka nuna su, Sadisu ya jera su a ƙofar mai unguwa, ya yi ta kai da komowa a gabansu kamar mai duba sojoji.

Samarin nan ba mugaye ba ne su ma. Aiki aka kawo su yi, kuma suna son su ci guminsu. Sai dai ba su san kowa ba, don haka kowa abin zargi ne.

Suka tare wani mutumin ƙauyen Tsauni da jakinsa, wanda ya yi shekara da shekaru yana kawo itace unguwar, suka sa ya kwance kayan ƙasa. Suka tare limamin masallaci suna tambayarsa gidan wa ya zo. Suka tare Gwaggo Shekara da ƙwaryar fura a rufe da faifai.

"Baba, buɗe mu gani," in ji ɗayansu.

"Ɗan nan, a lungun nan aka yanke cibiyata. Kai daga ina?"

"Doka ce, Baba."

Ta buɗe. Ya leƙa, har ya sa kan kulkinsa ya ture faifan. Tsohuwa ta juya gida ta zuba wa kaji furar. Daga ranar, da ta ji ƙarar usur sai ta shige ƙuryar ɗaki ta ja ƙofa ta ƙure rediyo.

Ba ita kaɗai ba. Mutane suka daina gaishe su. Babu mai aika musu da tuwo, babu mai ce musu ga wata baƙuwar fuska na gani jiya. In sun shigo lungu, hira ta mutu.

Satar kuwa ba ta tsaya ba. Suna gabas a yi ta a yamma. Suna kewaya unguwa da moto, ƙarar moton tana gaya wa kowa inda suke. Wata ranar kasuwa aka ɗauke buhun wake a gidan da ke kallon ɗakin da suke haya.

Fahad ya sami Sadisu a shago. "Shugaba, mutanenka ba su taimaka mana. Kuma duk wanda muka tare sai ya ce shi ɗan'uwanka ne."

"To ai ba ƙarya suke yi ba," in ji Sadisu. "Rabin unguwar dangina ne, rabi surukaina. Shi ya sa na kawo ku. Kada ku saurari kowa."

Zafi ya yi zafi, rani ya ja. Gajimare ya fara taruwa a gabas da yamma, ya watse, ya sake taruwa. Duk sanda Sadisu ya ɗaga kai ya gan shi sai ya tuna alkawarinsa. Ya rame. Matarsa ta ajiye masa abinci, ya yi loma biyu ya tashi. Ya hau moto ya kewaya unguwa, ya dawo shago, ya sake hawa.

Ga kuma Rabi'u mahauci, abokin wasansa, wanda teburinsa ke daura da shagon. Kullum da safe yana wasa wuƙa yana cewa, "Shugaba, an tashi lafiya? Ina ɓarawonmu? Ko shi ma ya tafi ci-rani?"

Masu sayen nama su yi dariya. Sadisu ya yi yaƙe.

Wata rana ya tara samarin ya ce, "Duk wanda kuka kama da kaya, kada ku wuce da shi wurin jandarmomi kai tsaye. Ku ɗora masa kayan a ka, ku ratsa kasuwa da shi, ku kawo mini shi nan. Sai gari ya gani tukuna."

Fahad ya sosa ƙeya. "Amma mutumin lameri ya ce..."

"Mutumin lameri ne ya ɗauko ka daga Damagaram?"

Fahad ya ce to, suka fita.

To, a nan sai na tsaya na gaya muku wata al'ada ta unguwar, don waɗanda ba su santa ba.

Ɗan ci-rani in zai dawo, ba ya faɗin ranar dawowarsa, ko ga matarsa. Kuma ba ya sauka a tasha. Ranar kasuwa yake zaɓa, don motoci sun fi yawa, unguwa kuma babu kowa. Sai ya ce wa direba ya sauke shi tun kafin a shigo gari, ya bi ta gonaki, ya shigar da kayansa gida ta baya. In ƙofa a kulle take ya haura katanga, ai gidansa ne.

Dalili kuwa tsaraba. In aka ga girman jakarka, kowa zai auna rabonsa da ido. Wanda ya samu da yawa ba ya son a gani, wanda bai samu ba ya fi shi rashin so. Don haka sai mutum ya ɓoye kayansa, ya yi wanka, ya sa riga mai kyau, da la'asar ya fito hannu sake yana gaisawa da jama'a. Kowa ya san yadda aka yi, kowa ya yi kamar bai sani ba.

Babu yaron unguwar da bai san wannan ba. In ya hango mutum da jaka a kan katanga a farkon damina, kawar da kai yake yi. Sadisu kansa ya haura katangar gidansu ba sau ɗaya ba, lokacin da yake zuwa Kano yana saurayi. Abu ne da ya saba da shi har bai taɓa zuwa masa a rai cewa akwai wanda sai an gaya masa ba.

Habsatu tana da ɗa, Illa, ɗanta na fari, wanda yake lodin kaya a Fatakwal tun bayan kaka. A wata ranar kasuwa ya dawo. Ya rame, ya yi baƙi, ya tara gemu. A cikin jakar bakko yana ɗauke da kan keken ɗinki da ya saya wa matarsa Najaha, ya naɗe shi da bargo. Ya sauka a bayan gari, ya ratso gonakin da aka share ana jiran ruwa, ya iso bayan gidansa. Ya ɗora jakar a kan katanga, ya kama zai hau.

Usur ya yi ƙara a bayansa.

Kafin ya waiwaya an jawo ƙafarsa, ya faɗo ƙasa. Hularsa ta yi gefe. Mutum uku suka danne shi.

"Lafiya? Ku su waye?" in ji Illa.

"Mu za ka tambaya?" in ji Fahad yana haki. "Me kake yi a katangar mutane?"

"Gidana ne."

"Gidanka ba shi da ƙofa?"

"A kulle take, iyalina tana kasuwa. Daga tafiya nake."

Ɗayansu ya zuge jakar. "Keken ɗinki ne. Fitowa yake yi da shi."

"Shiga nake yi da shi, bawan Allah. Ni Illa ne, ɗan Habsatu mai ƙosai. Sadisu mai siminti kawuna ne."

Samarin suka dubi juna suka yi dariya. "Ga wani ɗan'uwan Shugaban kuma."

Illa ya ɗaga murya ya kira maƙwabciyarsa. "Gwaggo Shekara, ki fito ki gaya musu. Gwaggo."

Katanga ɗaya ce tsakaninsu. Amma tsohuwa ta ji usur tun farko, tana ƙurya, rediyo yana ta waƙa. A can ƙarshen lungu wata mata ta leƙo, ta hango kaki, ta mayar da ƙofa.

Fahad ya kira Sadisu a salula. A daidai lokacin Rabi'u mahauci yana tsaye a ƙofar shagon, yana cewa jiya an yi yayyafi a ƙauyen Icirnawa, Shugaba ya fara shirya jawabin ban haƙuri.

"Shugaba, mun kama shi. A kan katanga, da keken ɗinki."

Sadisu ya miƙe har kujera ta faɗi. "Da kaya a hannu?"

"Da kaya. Sai dai yana cewa shi ɗan..."

"Na sani, ɗan'uwana ne. Ku ɗora masa. Ku biyo ta 'yan hatsi, ku ratsa 'yan dabbobi, ku ɓullo ta 'yan gwanjo."

Ya kashe salular bai tambayi suna ba. Ya dubi Rabi'u ya ce, "Ajiye wuƙarka, ka zo ka ga baƙonka."

Haka aka ɗora wa Illa jakar a ka aka tasa shi gaba. Tun yana magana har ya haƙura. Da suka shigo kasuwa, kunya ta sa ya ja jakar ta rufe masa goshi, ya sunkuyar da kai. Ga rama, ga gemu, ga ƙura, ga riga a yage. Mutanen da suka yi wasan ƙasa tare da shi suka kalle shi ba su gane shi ba.

Wani ya ce ɓarawo, sai kasuwa ta ɗauka. Masu awo suka bar buhunansu. Mutanen ƙauye da suka zo cin kasuwa daga Tsauni da Icirnawa da sauran garuruwa suka yi ta turereniya don su ga fuskarsa. Salula ta yi sama, kowa yana ɗaukar bidiyo. A wajen 'yan dabbobi wani ya jefo dutse ya same shi a gira, jini ya gangaro masa cikin gemu.

Sadisu ya fito da benci ƙofar shago ya hau, don a gan shi sosai. Yana ta gyara zaman hularsa.

Hanyar 'yan gwanjo ta bi ta gaban masu tuya. Habsatu tana zaune gaban kaskonta, ta ɗaga kai kamar kowa. Ba ta ga fuska ba. Tafiyar ta gani, da yadda yake jefa ƙafar hagu.

Matsamin ƙosai ya faɗi daga hannunta cikin mai.

Kun san kunyar ɗan fari. Tun da Habsatu ta haifi yaron nan ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "mai gidan Najaha". Ko gaisuwarsa a gaban mutane da ƙyar take amsawa. Ranar nan ta miƙe a tsakiyar kasuwa, mayafi a ƙasa, ta buɗe baki.

"Illa!"

Matan da ke kusa da ita su suka fara yin shiru, don sun san abin da suka ji. Shirun ya yi ta yaɗuwa. Ta ratsa mutane, ta ture kulkin Fahad kamar kara, ta kama jakar da hannu biyu ta sauke ta ƙasa. Ta sa bakin zanenta tana goge masa jini.

Aka fara jin ƙus-ƙus. "Illa ne. Wallahi Illa ne na Habsatu."

Tsakaninsu da shagon bai fi tsawon igiyar guga ba. Sadisu yana tsaye a kan benci, baki a buɗe. Ya rasa yadda ake sauka. Sai da Rabi'u ya miƙa masa hannu.

Illa ya ɗago ya dube shi. Ya ɗan rusuna, kamar yadda ya saba tun yana yaro.

"Kawu, mun same ku lafiya?"

Sadisu ya kawar da kai.

Najaha ta iso da gudu daga wajen masu kayan miya, goyo a baya. Ta dubi mijinta, ta dubi jakar da ta buɗe, bargo ya zame, ƙarfen keken yana ƙyalli. Ta durƙusa a wurin ta rufe fuska.

Sadisu ya matso kusa da yayarsa, ya yi ƙasa da murya. "Yaya, mu je gida. Zan tara dattawa yau ɗin nan, in ba shi haƙuri a gaban mai unguwa. Zan kai shi likita. Duk abin da kika ce."

Habsatu ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga murya ba.

"A gida aka yi masa ihun?"

Ta nuna masa taron da hannu.

"Dubi mutanen nan, Sadisu. Mutanen gari sun gane shi, su da sauƙi. Na ƙauye fa? Da la'asar za su hau motoci su koma, kowa da fuskar yaron nan a salularsa. Gobe in ya je sayen iri a garinsu, me za su kira shi? 'Ya'yansa me za a kira su?"

Sadisu ya dubi kasuwar. Rana ta karkata. Tuni wasu sun fara ɗaure kayansu, 'yan kamasho suna kiran garuruwa a bakin tasha. In kasuwar nan ta watse, babu taron dattawan da zai iya bin mutanen nan gida-gida.

Ya cire hularsa ya miƙa wa Rabi'u. Ya durƙusa gaban jakar.

"Kama mini," ya ce.

Rabi'u ya durƙusa shi ma. Ya kama gefe ɗaya, suka ɗora masa a ka. Wuyan Sadisu ya lotsa. Bai san kan keke yana da nauyi haka ba.

Ya dubi Fahad. "Busa usur ɗinka. Ta inda kuka biyo za mu koma."

Haka suka kama hanya. Fahad yana gaba yana busawa, kansa a sunkuye. Sadisu yana biye da kaya a ka, yana faɗi da iyakar muryarsa:

"Jama'a, ku saurara. Wanda aka zagaya da shi ɗazu ba ɓarawo ba ne. Illa ne, ɗan yayata, daga ci-rani ya dawo, gidansa zai shiga da kayan guminsa. Ni Sadisu ni na sa aka yi masa haka, ban tambaya ba. Wanda ya ɗauki hotonsa ya ɗauki nawa."

Ya faɗa a 'yan gwanjo. Ya faɗa a 'yan dabbobi, inda jinin yaron ke ƙasa har yanzu. Wasu suka yi dariya, wani ya ce, "Shugaba an koma dako." Wasu suka kawar da kai. Gumi ya jiƙe masa riga, murya ta dushe, bai tsaya ba. Daga 'yan hatsi ya zarce tasha, ya bi motocin ƙauye ɗaya bayan ɗaya yana faɗa ta taga, har motar ƙarshe ta tashi.

Daga nan ya wuce da kayan a kansa har ƙofar gidan Illa, ya sauke a zaure, ya juya. Babu wanda ya ce masa ya shigo.

Washegari da kansa ya je lameri da wurin jandarmomi ya faɗi abin da ya yi, ya ce laifin samarin kaɗan ne, umarninsa suka bi. An yi masa faɗa mai zafi, ya ajiye shugabancin.

Mai unguwa ya sake kiran taro, wannan karon har da mata. Aka ba Hashimu mai faci riƙon aikin. Uku daga samarin suka koma Damagaram. Fahad da ɗaya suka roƙi a bar su, aka haɗa kowannensu da ɗan unguwa, aka bi da su gida-gida suna gaisuwa suna ba da haƙuri. Mata kuma suka tsara a tsakaninsu, duk ranar kasuwa kowane lungu a bar mace ɗaya a gida da salula a hannu, a yi mata cefanenta.

Satar ta yi ta raguwa har aka daina jin ta. Ɓarawon kuwa ba a taɓa kama shi ba. Allah kaɗai ya san ko wane ne.

Amma kada in yi muku daɗin baki. Tabon girar Illa bai ɓace ba. Akwai ƙauyukan da bidiyon farko ya isa, na biyun bai isa ba. Illa ya daina shiga kasuwa, ya daina bi ta ƙofar shagon kawunsa. In sun haɗu a masallaci ya gaishe shi a taƙaice ya wuce.

Da ruwan shuka ya sauka, gari ya watse gona tun da sassafe. Sadisu bai buɗe shago ba. Bai tafi gonarsa ba kuma. Ya bi hanya a ƙasa har gonar Illa.

Ya tarar da shi yana gaba da sungumi yana saran rami, Najaha tana biye da ƙwaryar iri, goyo yana kuka a bayanta. Sadisu ya yi sallama, ya cire takalmi, ya miƙa hannu. Najaha ta dubi mijinta. Illa bai waiwayo ba, bai kuma ce a'a ba. Ta miƙa wa Sadisu ƙwaryar ta koma gindin gawo da yaron.

Haka suka yi ta tafiya, ɗan yaya a gaba, kawu a baya yana zuba iri yana rufewa da diddige, aikin da mata da yara suke yi. Suka kai ƙarshen gona suka juyo. Suka sake kaiwa suka juyo.

Can rana ta ɗaga, Illa ya tsaya, ya dubi ramin da ke bayansa.

"Kawu, irin yana yawa. Rage hannu."

Sadisu ya ce, "To."

Ya rage, suka ci gaba.

Darasi: Duk abin da aka ba ka domin jama'a, kuɗi ne ko muƙami, ba a ba ka don a ga girmanka ba. Tsaron unguwa yana hannun mutanen da suka san juna, suke gaisawa, suke gaya wa juna gaskiya. Kafin ka kira mutum ɓarawo, tambayi sunansa. In kuma ka ci mutuncin wani a gaban jama'a, to a gaban jama'ar za ka wanke shi, ko da kai za a yi wa dariya. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman masu riƙe da amanar unguwanninmu. Allah ya tsare mana mutuncinmu, ya dawo da matafiyanmu gida lafiya.